Tarihin Gyaran Agogo Mai Tsada

Kowa ya san mai gyaran agogo na bakin kasuwa, da ɗan akwatinsa na gilashi da madubin da yake maƙalawa a ido. Amma akwai waɗansu agogunan hannu da ba a kai masa, sai dai a mai da su gidan da aka ƙera su. Bari mu ga yadda aka yi haka ta faru.

A ƙasar Siwizalan, asalin wannan sana'a a birnin Janiba ne. A shekarar 1541 wani babban malamin Kirista, sunansa Kalbin, ya sa aka hana mutanen birnin yin ado da zinariya. Da maƙeran farfaru suka ga abincinsu zai yanke, sai suka koma ƙirar agogo, don shi ba a lissafa shi cikin kayan ƙawa ba. A 1601 suka kafa jam'iyyarsu. A zamanin nan mai ƙira shi ne mai gyara. In wani ƙarfe ya karye, sai ya ɗauki zarto ya fitar da wani.

Kada ku yi mamakin yadda agogon da aka saya da dukiya mai yawa zai bukaci gyara. Irinsa ba batir gare shi ba. Wani siririn ƙarfe ne a naɗe yake tura waɗansu ƙananan ƙafafu masu haƙora. Da yawa daga cikinsu suna bugawa sau 8 a daƙiƙa guda, watau sau 691,200 ke nan a kwana ɗaya. Man da ke ciki kuwa bai kai ɗigon hawaye ba. In ya bushe, ƙarfe sai ya yi ta cin ɗan'uwansa, mai shi bai sani ba.

Saboda haka in an kai shi gidansu, sai su wargaza shi sarai, su wanke kowane ƙarfe, su musanya wanda ya cinye, su sa sabon mai, kana su harhaɗa. Sa'an nan a yi kwanaki ana duba ko yana gudu ko yana jinkiri. Tun da kamfanin Rolex ya fito da agogon da ruwa ba ya shiga a 1926, aikin ya ƙaru, don dole a sake robar bakin murfi, a kuma gwada shi cikin ruwa da na'ura ta musamman. Kamfanin Patek Philippe, wanda aka kafa a 1839, yana da manyan littattafai inda aka rubuta lambar agogunansa da ranar da aka sayar, kamar dai rajistar haraji. Ya kuma yi alkawari zai gyara duk wanda ya taɓa ƙerawa, ko da sai an sake yin ƙarfen da hannu.

To, sai ga wata masifa ta auko. A watan Disamba na 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai batir. Ba a daɗe ba irinsa ya yi araha, ga shi kuma ya fi na da kiyaye lokaci. Ma'aikatan agogo a Siwizalan wajen 90,000 ne a 1970, amma kafin shekara ashirin ba su fi kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Samari suka daina koyon sana'ar, aka yi ta zubar da kayan aiki.

A nan ne labarin Charles Vermot ya shigo, wani ma'aikacin kamfanin Zenith. A 1975 Amirkawan da suka mallaki kamfanin suka ba da umurni a daina ƙirar agogon da, a sayar da kayan aikin a bakin tsohon ƙarfe. Ya rubuta musu takarda yana roƙo, ba su ji ba. Sai ya riƙa kwasar kayan kaɗan kaɗan a ɓoye, yana kai wa wani ɗaki can ƙarƙashin rufi, kowanne ya sa masa lamba, ya haɗa da takardun zane. Bayan wajen shekara goma, da kasuwar irin wannan agogo ta farfaɗo, ya nuna inda suke. Har Rolex ya riƙa sayen injin nan yana sa wa agogonsa mai suna Daytona daga 1988. Lalle da tsohuwar zuma ake magani.

Da kamfanonin suka miƙe, sai suka ga riƙe kayan gyara shi ne riƙe sana'a. Da yawansu suka daina sayar da kayan ga kowa, sai wanda suka horar suka ba izini. Masu gyara masu zaman kansu suka kai ƙara gaban hukumar Tarayyar Turai a 2004. Suka ce an tsare musu abinci, an kuma tsawwala wa masu agogo kuɗi da jira. Kamfanonin suka ce sunansu ne a fuskar agogon, in wani ya ɓata su za a zarga. Aka yi ta shari'a har 2017, kotu ba ta ba masu ƙara gaskiya ba.

Har wa yau akwai wata gardama. Kamfani yana son agogo ya koma kamar sabo, ya goge shi, ya sake masa fuska. Masu tara tsofaffin aguna kuwa sun ce wannan ɓarna ce, don tsufan shi ne darajarsa. A 2017 an yi gwanjon wani tsohon Daytona na ɗan wasan Amirka Paul Newman, aka saye shi fiye da dala miliyan 17, da ƙarce-ƙarcen jikinsa duka. Don haka mai hankali yakan rubuta abin da ya yarda a taɓa tun kafin ya miƙa.

Abin lura a nan, jama'a, ba zinariyar jikin agogo ke sa shi ya kai jikoki ba. Rajista ce da aka tsare, da kayan aikin da ba a yar ba, da yaran da aka koya wa sana'a. Duk wanda zai sayi wani abu mai tsada, ko agogo ne ko keken ɗinki, ya fara tambaya wa zai gyara masa, ina kuma za a sami kayan.