Tarihin Lambar Okten: Daga Ɗakin Gwaji a Amurka Zuwa Tankin Babur ɗin Tsere



Duk wanda ya duba littafin da ke zuwa tare da babur ɗin tsere, irin su Yamaha R1, zai tarar kamfani ya yi gargaɗin a riƙa zuba masa fetur mai lamba 95 ko sama da haka. Sunan wannan lamba okten. Mutane da yawa sun ɗauka ma'aunin ƙarfin mai ce, wato in lambar ta ƙaru gudu ya ƙaru. Tarihinta ya nuna wani abu daban take aunawa: juriyar fetur, iya matsin da zai ɗauka a cikin inji kafin ya kama da wuta da kansa.

Ga yadda abin yake. Fistan yana matse haɗin fetur da iska a cikin silinda, fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta bi haɗin a jere tana tura fistan ƙasa. Gwargwadon matsin, gwargwadon ƙarfin da inji zai tatsa daga man. To amma idan matsi da zafi suka fi ƙarfin fetur ɗin, sai ragowar haɗin da wutar ba ta kai gare shi ba ya fashe da kansa. Nan ne ake jin ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe da ƙaramar guduma. Wannan ƙwanƙwasa daban take da abin da makanikai ke nufi in sun ce inji ya buga, sai dai in ta daɗe tana iya kai shi ga hakan, domin tana cin kan fistan, wani lokaci har ta huda shi.

A farkon ƙarni na 20 wannan matsala ce ta tsaye wa masu ƙera injuna a wuya. Motar Ford Model T matsinta bai wuce kusan 4 zuwa 1 ba, wato fistan yana matse haɗin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu na girmansa. Da an ƙara matsi sai inji ya hau ƙwanƙwasa. A Ingila, injiniya Harry Ricardo ya yi bincike mai zurfi, ya nuna cewa irin man da aka zuba yana da hannu a lamarin. A Amurka kuma Charles Kettering, shugaban sashen bincike na General Motors a garin Dayton, ya ɗora wa wani matashin injiniya, Thomas Midgley, aikin nemo magani.

Midgley da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna gwada sinadarai iri-iri. Aidin ya yi aiki amma yana da tsada kuma yana cin ƙarfe. Wani sinadarin ya yi aiki, warinsa irin na tafarnuwa ya hana a kusanci masu gwajin. A watan Disamba na 1921 suka gano cewa ɗan kaɗan na wani haɗin dalma, wanda ake taƙaita sunansa da TEL, yana kashe ƙwanƙwasar. Sun san cewa sinadarin etanol ma yana yin wannan aiki, sai dai shi da yawa ake zubawa, kuma kowa na iya sarrafa shi, babu kamfanin da zai mallake shi shi kaɗai. Aka zaɓi dalma. A watan Fabrairu na 1923 aka fara sayar da man a Dayton da sunan Ethyl, sunan da babu kalmar dalma a cikinsa.

Ba a je ko'ina ba aka ga illa. A watan Oktoba na 1924, a matatar Bayway ta kamfanin Standard Oil da ke jihar New Jersey, ma'aikata biyar suka mutu bayan sun fita hayyacinsu, aka kwantar da wasu gommai a asibiti. Midgley ya fito gaban 'yan jarida ya wanke hannunsa da sinadarin don nuna ba shi da haɗari, alhali shi kansa gubar ta taɓa kwantar da shi a 1923. Likitoci irin su Alice Hamilton ta Jami'ar Harvard sun yi gargaɗi. Aka dakatar da sayarwa a 1925, aka dawo da ita a 1926. Mu da muka ji labarin gubar dalma a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu sanadin haƙar zinare, mun san abin da wannan ƙarfe yake yi wa jini da ƙwaƙwalwar yaro. Irinsa aka yi ta fesawa ta salansar motoci shekara da shekaru.

Ana cikin haka ne aka samu ma'aunin. Har zuwa lokacin babu hanyar da kowa ya yarda da ita ta kwatanta wannan fetur da wancan. Graham Edgar, masanin sinadarai a kamfanin Ethyl, ya ɗauko tsantsar sinadarai biyu a tsakanin 1926 da 1927. Na farko, aiso-okten, mai juriya ne ƙwarai, aka ba shi maki 100. Na biyu, heften, nan da nan yake fashewa, aka ba shi sifili. Idan fetur ya jure matsi daidai da haɗin kashi 95 na farkon da kashi 5 na biyun, lambarsa 95 ke nan. A 1929 kamfanin Waukesha ya ƙera injin gwaji mai silinda ɗaya wanda ake iya ƙara masa matsi ko a rage, kuma har gobe da irinsa ake aunawa. Ku lura, babu inda gudu ko ƙarfi ya shigo cikin wannan awo.

To me ya sa mutane suka haɗa lambar da ƙarfi? Yaƙin Duniya na Biyu yana da kaso a ciki. A 1940 jiragen yaƙin Ingila, Spitfire da Hurricane, sun tashi daga mai lamba 87 zuwa mai lamba 100, ƙarfinsu kuma ya ƙaru a fili. Abin da ake mantawa shi ne sai da aka yi wa injunan gyara don su riƙa cusa iska fiye da da. Sabon man dama ya bayar a ƙara matsi ba tare da ƙwanƙwasa ba, ƙarin ƙarfin daga matsin ya fito. Bayan yaƙi, masu tallar mai suka riƙe rabin labarin suka bar rabi.

Ƙarshen dalma ya zo a hankali. Clair Patterson, masanin da ya ƙiyasta shekarun duniya, ya yi ta cin karo da dalma a duk abin da ya auna, har ya wallafa bincike a 1965 da ya nuna yadda ta mamaye iska da jikin mutane. Daga 1975 sababbin motocin Amurka suka zo da na'urar tace hayaƙi wadda dalma ke lalatawa, dole aka samar musu man da babu ita. Amurka ta haramta man dalma ga motocin kan titi a 1996. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka ajiye farkon 2006 a matsayin wa'adinsu, Aljeriya kuma ita ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Yau matatu suna ɗaga lambar ne ta hanyar sauya tsarin sinadaran man da kuma haɗa shi da irin su etanol, wanda aka ajiye gefe tun shekara ɗari da suka wuce.

Babur ɗin tsere ya girma ne a kan wannan tarihi. Honda CB750 ta 1969 matsinta 9 zuwa 1 ne. Yamaha R1 ta zamanin nan tana da 13 zuwa 1, ninki uku na Model T, shi ya sa take neman 95. Mai irin wannan babur yana da abu uku da zai kiyaye. Na farko, ya bi lambar da kamfani ya rubuta. In ya zuba ƙasa da ita, fistan ne zai biya, musamman a lokacin zafi, domin zafi yana ƙara saurin ƙwanƙwasa. In kuwa ya zuba sama da ita a injin da bai nema ba, kuɗinsa kawai ya ƙona. Na biyu, ya san cewa ma'aunin ba ɗaya ba ne a ko'ina. Turai da yawancin duniya suna rubuta lambar RON, Amurka da Kanada kuma suna rubuta matsakaicin awo biyu, saboda haka 91 a famfon Amurka kusan 95 ce a Turai. Wanda ya sayi babur ɗin da aka shigo da shi daga can sai ya duba wace lamba littafin yake nufi. Na uku ya shafe mu nan gida, inda galibin gidajen mai iri ɗaya suke sayarwa, babu zaɓi a famfo. Wannan mai yana wadatar da baburan haya na yau da kullum, amma mai babur ɗin tsere sai ya riƙa kasa kunne ga injinsa, ya kuma yi hattara da man bumburutu, domin ko ɗan kalanzir aka gauraya, juriyar man ta faɗi.

Ga mu masu alƙalami kuwa, idan jarumin labarinka zai hau irin wannan babur, kada ka sa shi ya sayi mai mai babbar lamba don ya tsere wa masu binsa, makanike na farko da ya karanta zai gane ba ka yi bincike ba. Ka sa shi ya ji ƙwanƙwasa a tsakiyar hanya da rana tsaka, bayan ya sha mai a galan a gefen titi. Wannan ya fi kusa da gaskiya, kuma ya fi sa gaban mai karatu faɗuwa.