Sarkin Yawa da Sarkin Ƙarfi: Yadda Ma'aunin Sayen Suwic Ya Sauya

A shekarar 2008, wasu masanan kwamfuta uku na Jami'ar Kaliforniya da ke San Diego, wato Mohammad Al-Fares da Alexander Loukissas da Amin Vahdat, suka gabatar da wani lissafi da ya tayar da ƙura. Sun ɗauki misalin cibiyar bayanai mai kwamfutoci 27,648, wadda ake so kowace kwamfuta a cikinta ta iya aika wa kowace saƙo da cikakken gudunta. Idan aka bi tsarin da aka saba, na sayen manyan na'urori masu tsada, kuɗin haɗa kwamfutoci kimanin 20,000 kawai zai kai wajen dala miliyan 37. Idan kuwa aka jera ƙananan na'urori 2,880 na gama-gari, kowace a kan dala 3,000, aikin zai tsaya a kan dala miliyan 8.64. Tazarar ta haura ninki huɗu.

Na'urar da ake magana a kanta ita ce suwic. Cibiyar bayanai gini ne da aka shaƙe da kwamfutoci, inda bankuna da kamfanonin sadarwa da shafukan intanet ke ajiye bayanansu. Kwamfutocin nan ba su da amfani sai sun yi magana da juna, suwic kuwa shi ne mahaɗarsu. Akwati ne mai kafofi da yawa, kowace kafa da wayarta. Saƙo ya shigo ta wata kafa, suwic ya duba adireshinsa, ya fitar da shi ta kafar da ta dace. Abubuwa uku mai saye ke dubawa tun asali: farashi, da gudu, da irin ayyukan da na'urar ta iya. Waɗannan ukun suna nan har yau. Abin da ake ɗorawa a kan sikelin ne ya sauya.

Fasahar Ethernet, wadda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a cibiyar binciken Xerox a 1973, ta fara ne da waya guda da dukkan kwamfutoci ke rabawa. In biyu suka yi magana lokaci ɗaya, sai saƙonninsu su yi karo. Wani ƙaramin kamfani mai suna Kalpana ya fito da suwic na Ethernet a 1990, wanda ya ba da damar tattaunawa da dama su gudana a tare. Cisco ya saye Kalpana a 1994, sannan a 1999 ya fitar da Catalyst 6500, ƙaton akwati mai ramuka da ake cusa wa alluna gwargwadon buƙata, wanda ya daɗe yana jan zarensa a kasuwa.

A wancan zamani, tsarin cibiya kamar bishiya yake. Ƙananan suwic a ƙasa, matsakaita a tsakiya, manya guda biyu a ƙoli. Mai saye yakan ɗauki takardun kamfanoni ya kwatanta akwati da akwati: wanne ya fi yawan kafofi, wanne ya fi dogon jerin ayyuka. Hakan ya dace da lokacin, domin yawancin saƙonni daga waje suke shigowa, su sami kwamfuta ɗaya, amsa ta koma.

Sai dai bishiyar tana da rauni biyu da takardar talla ba ta nunawa. Na farko, hanyar hawa sama ta fi ta ƙasa ƙunci. Masanan San Diego sun nuna cewa a tsarin da aka saba, abin da kwamfutoci za su iya turowa yakan ninka abin da hanyar sama ke iya ɗauka sau biyu da rabi har zuwa sau takwas. Na biyu, ƙa'idar da Radia Perlman ta tsara a 1985 don hana saƙo kewayawa ba iyaka tana aiki ne ta hanyar toshe wayoyin da suka maimaita juna. An sayi hanya biyu, ana amfani da ɗaya. Da manyan shafukan intanet suka bunƙasa, tambaya ɗaya ta mai bincike ta koma tana tayar da ɗimbin kwamfutoci su yi shawara a tsakaninsu kafin a ba da amsa. Zirga-zirgar cikin gida ta rinjayi ta waje, ƙolin bishiya ya zama maƙogwaro.

Maganin ya girmi matsalar da fiye da shekara hamsin. A 1953, Charles Clos, injiniya a Bell Labs na Amurka, ya wallafa nazari a kan musayar layukan tarho. Haɗa layi 10,000 kai-tsaye, kowane da kowane, yana buƙatar mahaɗa miliyan 100. Clos ya nuna cewa in aka jera ƙananan na'urori hawa uku, kowace ta hawa ɗaya tana haɗe da dukkan na hawa na gaba, za a sami hanya ga kowane kira da mahaɗai ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Wannan tunani ne masanan 2008 suka ɗauko, suka kakkaɓe masa ƙura.

Ashe Google ya riga su a ɓoye. A 2015 kamfanin ya bayyana cewa ya shafe kimanin shekara goma yana ƙera suwic nasa bisa tsarin Clos, daga Firehose zuwa Watchtower da Saturn, har zuwa Jupiter, wanda ke iya ɗaukar fiye da fetabit ɗaya, wato gigabit miliyan ɗaya, a daƙiƙa guda. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne ƙwaƙwalwar silikon ta kasuwa. A da, manyan kamfanonin suwic su ke ƙera tasu, su kulle ta da manhajarsu. Daga baya kamfanoni irin su Broadcom suka riƙa sayar wa duk mai so. Arista, wanda Andy Bechtolsheim da David Cheriton da Ken Duda suka kafa a 2004, ya gina kasuwancinsa a kan irin wannan silikon, ya mai da hankali ga manhaja. Gudun kuma bai tsaya ba: Tomahawk na Broadcom ya fito da terabit 3.2 a 2014, na biyar a jerin ya kai 51.2 a 2022, ninki goma sha shida cikin shekara takwas. Facebook ya bayyana suwic ɗinsa mai suna Wedge a 2014, Microsoft kuma ya saki manhajar SONiC kyauta a 2016, har ta kai ana iya sayen akwati daga wani, manhaja daga wani.

Daga nan ma'auni uku suka sami sabuwar ma'ana. Farashi ya koma kuɗin kowace kafa da kowane gigabit. Gudu ya koma abin da dukkan tsarin ke iya ɗauka a lokacin cunkoso. Aminci kuma ya koma tambayar abin da zai faru in na'ura ɗaya ta mutu. Mai manyan akwatuna biyu a ƙoli, in ɗaya ya faɗi, rabin hanyarsa ta tafi. Mai ƙanana goma sha shida, kashi ɗaya cikin goma sha shida kawai ya rasa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Amma araha ba ta ado. Kuɗin da aka rage a kan akwati ya ɓullo ta wasu wurare. Dubban na'urori na buƙatar dubban wayoyi, da 'yan na'urorin haske da ake sokawa a kowace kafa, waɗanda a gudu mai yawa jimillar kuɗinsu kan yi gogayya da na suwic ɗin kansa. Suna buƙatar lantarki da sanyaya ɗaki, abin da ke da nauyi musamman inda cibiya ta dogara da janareta. Suna kuma buƙatar injiniyoyin da za su iya sarrafa su ta manhaja. Google yana da su. Matsakaicin banki mai kwamfutoci ɗari biyu ba lallai ba ne, don haka kuɗin da yake biyan babban kamfani na tallafi da garanti ba asara ba ne. Akwai kuma bambancin da farashi ba ya nunawa, kamar girman ma'ajiyar da saƙonni ke jira a ciki in kafa ta cika. Ƙarama tana da araha, amma in saƙonni suka yi ambaliya sai ta zubar da wasu.

Zuwan ƙirƙirarriyar basira ya sake buɗe muhawarar. Horar da manyan manhajojinta na buƙatar dubban na'urori su yi aiki kafaɗa da kafaɗa, jinkirin ɗaya ya tsayar da saura. Nvidia ya kammala sayen Mellanox, jagoran fasahar InfiniBand, a 2020 a kan kusan dala biliyan 7, ya riƙa sayar da tsari guda daga hannu ɗaya. A 2023 wasu kamfanoni, ciki har da Arista da Broadcom da Cisco da Meta da Microsoft, suka kafa ƙungiyar Ultra Ethernet domin Ethernet ta iya wannan aiki. Tsohuwar gardama ce ta dawo: kaya mai tsada daga mai shi ɗaya, ko kayan kasuwa da kowa ke iya ƙerawa.

Waɗanda suka yi asara a wannan tarihi ba rashin lissafi ya kayar da su ba. Sun ci gaba da auna akwati da akwati bayan zirga-zirgar saƙonninsu ta sauya hanya. Shi ya sa ƙwararren mai saye, kafin ya buɗe takardar farashi, yakan fara sanin ina saƙonninsa ke zuwa, nawa zai iya jure rasawa in na'ura ta mutu, kuma wa zai tashi ya gyara ta da tsakar dare.