Tsakanin Aji da Maƙera: Tarihin Koyon Sana'a ga Ɗaliban Sakandare a Arewa

Gabatarwa

Duk wanda ya lura da ɗaliban sakandare a garuruwanmu zai ga cewa da yawansu, da zarar an tashi daga makaranta, sai su tuɓe kayan makaranta su nufi garejin kanikawa, ko shagon tela, ko rumfar kafinta. Wannan koyo da suke yi ba ya cikin manhaja, ba ya kuma fitowa a takardar sakamakon jarrabawa. Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin yadda aka yi makaranta da wurin sana'a suka raba gari, da kuma yunƙurin da aka sha yi na haɗa su.

Koyon Sana'a a Gargajiyance

Kafin zuwan Turawa, sana'a a ƙasar Hausa gado ce. Ɗan maƙeri yakan fara da ɗauko gawayi da jan zuga-zugi, ya daɗe yana kallo kafin a miƙa masa masaba da awartaki. A marina kuwa, yaro yakan fara da ɗebo ruwa da tatar toka, sannan ya san yadda ake haɗa baba, ya kuma gane lokacin da rini ya nuna. Wanda bai gada ba, iyayensa sukan danƙa shi hannun wani gwani, ya zama ubangidansa, ya koya masa aiki da ladabi da ciniki, har ranar da zai yaye shi. Manyan sana'o'i suna da shugabanninsu, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Pawa, masu sasanta rigima da tsare mutuncin sana'a. Wannan koyo bai hana karatu ba, domin yaro yakan je makarantar allo a lokacinta, ya koma bakin aiki a lokacinsa.

Tsarin ya yi albarka ƙwarai. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya bayyana yadda ake kai tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano har Tumbutu da Tarabulus. Ashe ke nan masaƙa da marina makarantu ne, ko da yake ba su da allo ko ƙararrawa.

Zamanin Turawa

Makarantar boko ta farko da gwamnatin mulkin mallaka ta kafa a Arewa ita ce wadda Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Abin lura shi ne, ban da ajin 'ya'yan sarakuna da na malamai, an yi mata sashen sana'o'i, inda ake koyar da kafinta da ƙira da dukanci da makamantansu. Sai dai tun daga farko aka ga inda zuciyar mutane ta karkata. Aikin malanta da na akawu a En'e su ne masu albashi da girma, Kwalejin Katsina kuma, wadda ta fara aiki a 1921, malaman makaranta take horarwa. A wajajen 1930, lokacin da aka sake fasalin ilmi, makarantun midil suka zama ginshiƙi, aikin hannu ya koma darasi guda cikin darussa. Daga baya an kafa makarantun sana'a na musamman, har da cibiyar fasaha ta Kaduna ta 1956, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha a 1968. Amma a idon iyaye da yawa, makarantar sana'a ta wanda bai sami sakandare ba ce.

Tsarin 6-3-3-4

Bayan samun mulkin kai, masana sun yi babban taro a Legas a 1969 kan manhajar makarantu, inda aka koka cewa boko yana yaye masu neman aikin ofis kawai. Daga nan aka sami Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977, aka kuma fara aiki da tsarin 6-3-3-4 a 1982. Nufin shi ne, a shekara uku na ƙaramar sakandare kowane yaro ya taɓa aikin katako da na ƙarfe da na lantarki, ta yadda wanda bai zarce ba zai fita da abin yi.

Niyyar ta yi kyau, amma aiwatarwa ta gamu da cikas. An sayo injuna daga ƙasashen Turai, sai ga shi makarantu da yawa ba su da ɗakin aiki, ba wutar lantarki, ba malamin da ya iya tayar da injin. A wurare da dama kayan sun tsufa cikin akwatunansu. Yaro yakan zana zarto a littafi, ya haddace sunayen sassansa, bai taɓa yanka katako ba, alhali ga kafinta nan a bayan katangar makaranta.

Abin mamaki shi ne, gwamnati ta san amfanin tura ɗalibi wurin aiki. Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wanda aka kafa a 1971, ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973, amma don ɗaliban manyan makarantu. Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 1987, ta riƙa danƙa matasa hannun masu sana'a, amma bayan sun bar makaranta sun rasa aiki. Ɗalibin sakandare, wanda yake daidai shekarun da ake tanƙwara icce, shi ne aka tsallake. Ko a 2011, da aka shigar da darussan sana'o'i 34 cikin manhajar babbar sakandare, a aji aka fi koyar da su.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kuskure guda ne ake maimaitawa: a ɗauko kayan aiki a kai makaranta, a bar gwani a waje. Sana'a kuwa ba ta shiga hannu sai da abu uku, watau maigida mai gyara kuskure, da mai saye wanda zai yaba ko ya kushe, da kuma tsawon lokaci. Gaskiya ne tsarin gargajiya yana da nasa aibu, domin akwai iyayen gida masu mayar da yaro ɗan aike shekara da shekaru, ba wa'adi, ba takardar shaida. A nan ne makaranta za ta yi rana: ta zaɓi masu sana'a amintattu, ta ƙayyade lokaci, ta riƙa kai ziyara, ta kuma saka abin da yaro ya koya cikin sakamakonsa. Yaran da ke tafiya gareji bayan azahar sun riga sun nuna hanya. Abin da ya rage shi ne hukumomin ilmi su amince cewa wannan ma karatu ne.