Kunne Ya Girmi Na'ura: Tarihin Sauraron Zuciyar Ɗan Ciki

A ƙasar Hausa, tun kaka da kakanni, uwa ce ke fara ba da labarin lafiyar abin da ke cikinta. In ya yi motsi, hankali ya kwanta. In ya kwana biyu shiru, sai tsofaffi su fara kallon juna. Amma da zarar naƙuda ta kankama, wannan shaida takan raunana, domin ciwo yakan danne jin motsi. A ƙauyukan Anka da Gummi da Bukkuyum, kamar sauran ƙasar Zamfara, mace takan durƙusa a ɗaki, mai haihuwar fari kuwa sau da yawa a gidan iyayenta, kunya ta hana ta ko nishi mai ƙarfi. Ungozoma kan zo daga baya don yanke cibi da wanka. Tsakanin fashewar faya da kukan jariri, ba wanda ya san halin da ɗan yake ciki.

Turawa ma haka suka zauna cikin duhu har ƙarni na 19. A 1816 likitan Faransa René Laennec ya naɗe takarda ya kara a ƙirjin majiyyaciya, daga nan aka samu abin sauraron ƙirji. A 1818 François Mayor, wani likita a Suwizalan, ya ba da labarin cewa ya ji bugun zuciyar ɗan ciki da ya ɗora kunne a kan cikin uwa. Abokin Laennec, Kergaradec, ya kara bututun a cikin wata mai juna biyu da niyyar jin motsin ruwa, sai ya ji bugu mai sauri kamar na agogo. Ya gabatar da bayaninsa a Faris a ƙarshen 1821, tare da tambayar da har yau ake bi: shin sauyin wannan bugu zai iya faɗa mana ko ɗan yana cikin wahala? A 1895 Adolphe Pinard ya fito da ƙahon katako mai faɗin baki, wanda duk Bahaushen da ya gan shi zai tuna ƙahon wanzami. Shi ne har yanzu a aljihun ungozomomin asibiti da yawa.

Me kunnen ke nema? Zuciyar ɗan ciki mai lafiya tana bugawa sau 110 zuwa 160 a minti ɗaya, kusan ninkin ta uwarsa. Duk lokacin da mahaifa ta murɗa, tana matse jijiyoyin da ke kai jini ga mabiyiya, sai iskar da ɗan ke samu ta ragu na ɗan lokaci. Mai ƙarfi yakan jure, kamar mai ninkaya da ya nutse ya taso. In bugun ya ragu tare da murɗawa ya dawo tare da lafawarta, galibi kansa ne ƙugu ya matsa. In ya faɗi farat ɗaya ya tashi ba tsari, ana zargin an danne igiyar cibiya. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne raguwar da ke makara: ciwo ya wuce, amma bugun bai farfaɗo ba, alamar mabiyiya ta fara gazawa. Saurin da ya haura 160 kuwa yakan biyo zazzaɓin uwa ko ƙarancin ruwa a jikinta. Shi ya sa gwanar ungozoma ke riƙe wuyan hannun uwa yayin saurare, kada ta ƙirga bugun uwa a zaton na ɗa ne.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masana suka so na'ura ta karɓi aikin kunne. Edward Hon a Jami'ar Yale ta Amurka ya wallafa aikinsa a 1958, Roberto Caldeyro-Barcia na nasa binciken a Yurugwai, sannan a 1968 Konrad Hammacher na Jamus tare da kamfanin Hewlett-Packard suka fitar da na'urar da ke zana bugun zuciya da murɗawar mahaifa a kan doguwar takarda ba yankewa. An yi zaton mutuwar jarirai da shanyewar jiki daga taɓuwar ƙwaƙwalwa za su zama tarihi. Ba haka ta kasance ba. Gwajin da aka yi a Dublin kan mata kusan 13,000, wanda aka wallafa a 1985, ya nuna na'urar ta rage jijjigar jarirai, amma ba ta rage mutuwarsu ba. Da aka tattara sauran gwaje-gwaje, sai aka ga abin da ta ƙara a fili shi ne yawan yi wa mata aiki. Saboda haka a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa mace mai lafiya a riƙa sauraronta lokaci-lokaci da ƙahon Pinard ko ƙaramar na'urar Dofla ta hannu: duk minti 15 zuwa 30 a tsakiyar naƙuda, duk minti 5 in ta fara yunƙuri, kowane saurare ya kai minti ɗaya, ya kuma zarce bayan ciwo ya lafa.

Wannan albishir ne ga ƙaramin asibitin da ba shi da wuta. Sai dai Afirka ta ƙara wa labarin wani darasi. A Harare, binciken da aka wallafa a 1994 ya nuna Dofla ta fi ƙaho gano bugun da ya karkace. A Yuganda, shekaru ashirin bayan haka, aka sake ganin hakan, amma yawan jariran da suka tsira bai sauya ba. Jin ƙararrawa daban, kashe gobara daban. Tun kafin nan Farfesa Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a Zariya tsakanin 1976 da 1979, ya nuna cewa mutuwa ta fi afka wa matan da ba su yi awo ba, waɗanda aka kawo bayan doguwar naƙuda a gida.

Mu dawo yammacin Zamfara. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a arewa maso yamma matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Shirin tura ungozomomi karkara da gwamnatin tarayya ta soma a 2009 ya yi nufin cike wannan giɓi, sai rashin tsaro ya kori ma'aikata daga garuruwa da dama. A ce ungozoma a wani ƙauyen Bukkuyum ta ji bugu ya sauka 90 ya ƙi tashi. Za ta kwantar da uwa a gefen hagu, ta ɗaura ruwa, ta tsayar da allurar ƙarin naƙuda in an sa, ta duba ko cibiya ta rigayi kai fitowa. Daga nan sai ɗakin tiyata, a babban asibitin ƙaramar hukuma ko can Gusau. Amma dare ya yi, hanya ta 'yan bindiga ce, kuma ƙwaƙwalwar da ta rasa iska ba ta jiran asuba. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a faɗin jihar, ko kiran mota ma ya gagara.

Duniya ta san Anka da Bukkuyum a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a garuruwa irin su Dareta da Abare da Yargalma. Waɗannan an ƙirga su, domin sun yi suna. Wanda ya koma a cikin naƙuda ba ya kaiwa ranar suna. A naɗe shi a kai makwanci, a ce wa uwa Allah ya ba da mai amfani. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2020 cewa kusan jarirai miliyan biyu ake haifa ba rai kowace shekara, fiye da kashi 40 cikin ɗari kuwa da ransu naƙuda ta fara.

Shekaru ɗari biyu na wannan tarihi sun tsaya a kan abu ɗaya. Ƙahon katako ya wadatar a ji kiran ɗan ciki. Amsa kiran kuwa yana buƙatar ungozomar da ke kwana a bakin aiki, da maigidan da ya ba da izinin tafiya tun kafin ranar, da hanyar da za a bi da dare, da jini da likita a ƙarshenta.