Gidauniyar Ford: Yadda Iyali Suka Riƙe Kamfani Suka Saki Gidauniya

Yau Amurka za mu leƙa, mu duba tarihin Gidauniyar Ford da mutanen da suka zauna a kujerunta. Yawancinmu idan muka ji an ce gidauniyar wane, abin da ke zuwa mana a rai shi ne wane ɗin ko 'ya'yansa ne ke cewa a ba wannan, a hana wancan. A gidauniyar da za mu yi magana a kanta, sai da aka yi shekara arba'in da 'yan kai babu ko mutum ɗaya daga zuriyar Ford a cikin masu yanke hukunci, alhali sunan gidansu na manne a ƙofa.

An yi wa gidauniyar rajista a jihar Michigan a watan Janairu na 1936. Edsel Ford, ɗa tilo ga Henry Ford mai kamfanin motoci, shi ya kafa ta da dala 25,000, kuɗin da a wurin mutanen gidan nan bai kai ya kawo ba. Kwamitin amintattu na farko mutum uku ne: Edsel da kansa, sai Burt Craig wanda babban jami'in kuɗi ne a kamfanin, sai lauya Clifford Longley. Wato maigida da mutanensa biyu. Takardar kafuwar gajera ce ƙwarai, abin da ta ce bai wuce za a karɓi dukiya a sarrafa ta don ilimi da binciken kimiyya da taimakon jama'a ba. Ba ta ware wani gari ba, ba ta ware wani fanni ba, ba ta kuma ce dole ɗan gidan ne zai riƙa shugabanci har abada ba. Mu riƙe wannan, domin duk rigimar da ta biyo baya a nan tushenta yake.

To me ya sa aka kafa ta a daidai wannan lokaci? Tsoho Henry ba mutum ba ne mai sha'awar sadaka irin ta rabon kuɗi, ra'ayinsa shi ne a ba mutum aiki da albashi mai kyau ya tsaya da ƙafarsa. Abin da ya motsa gidan shi ne dokar haraji ta 1935, zamanin Shugaba Roosevelt, wadda ta ɗaga harajin gado zuwa kashi 70 cikin 100 a kan abin da ya haura dala miliyan 50. Dukiyar gidan Ford kuwa kusan dukkanta hannun jarin kamfani ce, kuma babu bare ko ɗaya a cikin masu kamfanin. Ke nan ranar da tsoho ya rufe ido, magada ba su da hanyar biyan gwamnati sai sun sayar da kamfanin ga mutanen kasuwar hannun jari ta New York, waɗanda Henry ya ƙi jininsu.

Dabarar da lauyoyi suka fito da ita ita ce a raba hannun jarin gida biyu. Kashi 95 cikin 100 aka mayar da shi mai cin riba amma marar ƙuri'a, ragowar kashi 5 shi ne mai ƙuri'a, wato mai ikon naɗa shugabannin kamfani. Wasiyyar uban da ta ɗan ta ce mafi yawan marar ƙuri'ar ya tafi gidauniya, inda haraji ba ya taɓa shi, mai ƙuri'ar kuma ya zauna a hannun iyali. Edsel ya riga mahaifinsa rasuwa, a 1943, yana da shekara 49. Henry ya bi shi a 1947. Da aka gama rabon gado, sai ga ƙaramar gidauniyar da ta saba tallafa wa Asibitin Henry Ford da gidan tarihi na Dearborn ta wayi gari da kusan kashi 90 cikin 100 na hannun jarin kamfanin. Babu wata gidauniya a duniya da ta kai ta dukiya a lokacin.

Ba muna cewa babu niyyar alheri a ciki ba. Edsel mutum ne mai son zane-zane da kyauta, gidan adana zane na Detroit ya ci moriyarsa sosai. Amma marubucin da zai ba da wannan labari ya tsallake batun haraji, ya ba da rabin labari ne.

Nauyin ya faɗa kan Henry Ford na biyu, babban ɗan Edsel. An sallamo shi daga sojan ruwa a 1943, kuma a 1945, yana ɗan shekara 28, ya karɓi ragamar kamfanin da ke tafka asara. Ga kamfani na neman durƙushewa, ga gidauniya da kakansa da mahaifinsa ba su bar masa ko layi ɗaya na yadda za a kashe kuɗinta ba. Ga kuma hukumar haraji ta zuba ido ta ga ko gidauniyar gaske ce ko rumbun ɓoye dukiya. Sai ya buɗe ƙofar kwamitin amintattu ga baƙi, irin su Donald David na makarantar kasuwanci ta Harvard da Karl Compton na MIT, aka kuma ɗora wa wani lauya daga San Francisco, Rowan Gaither, aikin tsara mata alkibla. Rahoton Gaither, wanda aka fitar a 1950, ya ware fannoni biyar: zaman lafiyar duniya, dimokuraɗiyya, tattalin arziki, ilimi, da nazarin halayyar ɗan Adam. Detroit ba ta fito a matsayin fanni ba. Daga nan gidauniyar gida ta zama ta duniya, kuma Henry ya amince cewa shi amintacce ne guda ɗaya a cikin amintattu, ƙuri'arsa ɗaya kamar ta kowa.

A nan ne ya kamata mu ɗan tsaya. Wanda ya karanci babin wakafi a fiƙihu ya san cewa sharaɗin mai wakafi abin bi ne, shi ke faɗin inda amfanin zai tafi, shi ke ayyana mai kula da shi da wanda zai gaje shi. Tsarin da Ford ta ɗauka ya bambanta. Kwamitin amintattu shi ke zaɓen sababbin mambobinsa da kansa. Idan kujera ta zama babu kowa, waɗanda ke zaune su ne za su kawo wanda suke so. Don haka daga ranar da baƙi suka fi 'yan gida yawa, babu wata hanya ta doka da iyali za su bi su dawo da rinjayensu. Kuɗin ba nasu ba ne kuma, sun riga sun bayar.

Tun ba a je ko'ina ba aka fara ganin alamu. Shugaban da aka ɗauko a farkon shekarun 1950 shi ne Paul Hoffman, wanda ya jagoranci shirin Marshall na farfaɗo da Turai, kuma abin dariya, tsohon shugaban kamfanin motoci na Studebaker ne, abokin hamayyar Ford. Ya kafa ofishinsa a Pasadena ta jihar Kalifoniya, can nesa da Detroit, ya jawo Robert Hutchins, tsohon shugaban Jami'ar Chicago, mutum mai kaifin baki. Suka ware dala miliyan 15 suka kafa wata cibiya mai suna Fund for the Republic don kare 'yancin faɗin albarkacin baki, a daidai lokacin da Sanata McCarthy ke farautar 'yan gurguzu. Majalisa ta kafa kwamitoci biyu a jere don binciken gidauniyoyi. Dillalan motocin Ford suka riƙa aiko wa Henry wasiƙu cewa mutane na ƙauracewa motarsu saboda abin da gidauniya ke yi. Mai sayen mota a ƙauyen Amurka ina ruwansa da bambancin Ford kamfani da Ford gidauniya? Suna ɗaya ne. Hoffman ya sauka a 1953, aka mayar da ofis New York, Gaither ya hau. A ƙarshen 1955 amintattu suka sanar da rabon kimanin dala miliyan 500 a tashi ɗaya ga kwalejoji da asibitoci da makarantun likitanci, kyautar da ba wanda zai iya kushe ta, ta kuma kwantar da ƙura.

A watan Janairu na 1956 gidauniyar ta fitar da hannun jari miliyan 10.2 kasuwa, kowane ɗaya dala 64.50, cinikin da ba a taɓa yin irinsa ba a lokacin. Abin da tsoho Henry ya guda ya faru, bare sun shigo kamfani. Sai dai an tsara abin yadda hannun jarin iyali zai riƙe kashi 40 cikin 100 na ƙuri'a, kuma har yau haka yake. Gidauniya ta ci gaba da sayarwa a hankali, zuwa 1974 ba ta da sauran hannun jarin Ford ko ɗaya.

A waɗannan shekaru ne hannunta ya iso wajenmu. Ta buɗe ofis a Legas a 1960, kuma ita da Gidauniyar Rockefeller suka kafa cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan a 1967, wadda ke da reshe a Kano inda ake aikin inganta irin wake. Manomin da ya shuka wannan iri bai san Gaither ba, amma shawarar da aka yanke a 1950 ta fita daga Michigan ita ta share hanyar.

Zamanin da ya fi zafi shi ne na McGeorge Bundy, wanda ya baro Fadar White House inda yake mai ba Kennedy da Johnson shawara kan tsaro, ya zama shugaban gidauniya a 1966. Bundy ya tura kuɗi cikin gwagwarmayar baƙaƙen fata. A 1967 aka ba ƙungiyar CORE tallafi a Cleveland, har da aikin rajistar masu zaɓe, a shekarar da Carl Stokes ya ci zaɓen magajin garin. Bayan kashe Robert Kennedy a 1968 aka ba wasu hadimansa takwas tallafin tafiye-tafiye da nazari. 'Yan majalisa suka fusata, kuma wannan na cikin abubuwan da suka haifar da dokar gyaran haraji ta 1969. Dokar ta hana masu gidauniya yin ciniki da ita don amfanin kansu, ta tilasta a riƙa fitar da wani kaso na dukiya kowace shekara, ta kuma taƙaita yawan hannun jarin kamfani ɗaya da gidauniya za ta riƙe. Ƙofar da gidan Ford suka bi a 1936 an ƙuntata ta ga na baya.

A ƙarshen 1976 Henry na biyu ya ajiye kujerarsa bayan shekara 33. A wasiƙarsa ya tuna wa amintattu da ma'aikata cewa jari-hujja ce ta haifi gidauniyar, amma da wuya ka ga alamar an san da haka a cikin ayyukanta, ya kuma yi ƙorafin cewa an warwatsa ƙarfi a wurare da yawa. Masu ra'ayin riƙau a Amurka har gobe suna kafa hujja da wannan wasiƙa, suna cewa ga yadda ake ƙwace wa mai dukiya niyyarsa.

Mu a ganinmu maganar ƙwace ba ta zauna sosai ba. Wace niyya aka ƙwace, tunda Henry da Edsel ba su rubuta ta ba? Kuma dukiyar nan, da ba a zuba ta a gidauniya ba, kaso mai tsoka na gwamnati ne, wato na jama'a. Iyali sun samu abin da suka fi so, kamfaninsu, wanda tattaɓa-kunnen tsoho ke iya shugabanta yau. Amma ƙorafin Henry yana da wani gefe da ba za mu yi watsi da shi ba. Kwamitin da ke naɗa kansa ba ya tsayawa zaɓe, ba shi da masu hannun jari da za su kore shi, ba shi da abokin ciniki da zai juya masa baya. Mutum goma sha wani abu ke yanke hukunci kan biliyoyin daloli, kuma idan sun yi kuskure, da wuya a samu mai tuhumarsu. Littattafanmu na Hausa sun cika da rikicin gado, amma kusan kullum a ranar rabo muke tsayawa, wa ya samu gida, wa aka hana gona. Ba mu cika bin dukiyar da aka ce ta Allah ce ba, mu ga wa ke riƙe da makullinta bayan shekara talatin, wa ya naɗa shi, da kuma yadda jikan mai ita ke ji idan ya zo ƙofa aka ce ya jira.

Bayan Bundy aka naɗa Franklin Thomas a 1979, baƙar fata na farko da ya shugabance ta, sai Susan Berresford a 1996, mace ta farko. Henry na biyu ya rasu a 1987 bai koma ba. Mutanen Michigan kuwa ba su daina gunaguni ba, har a 2006 babban lauyan jihar, Mike Cox, ya buɗe bincike yana tambayar me ya sa gidauniyar da aka yi wa rajista a jiharsu ta juya mata baya.

Sulhun ya zo ne ta hanyar masifa. A 2013 birnin Detroit ya bayyana fatara da bashin kusan dala biliyan 18, masu bin bashi suka sa ido kan zane-zanen gidan adana kayan fasaha na birnin, wanda Edsel ya yi wa hidima, kuɗin fanshon tsofaffin ma'aikata kuma yana cikin haɗari. A shekarar ne Darren Walker ya zama shugaban gidauniyar. Ford ta yi alƙawarin dala miliyan 125, mafi tsoka a cikin abin da gidauniyoyi suka haɗa, aka rage wa 'yan fansho asara, aka kuma hana gwanjon zane-zanen. Walker ya nemi iyalin ya gyara zumunci, amintattu suka je Detroit suka yi taronsu a 2015. A 2019 kwamitin ya zaɓi Henry Ford na uku, jikan wanda ya yi murabus, ya zama amintacce. Sauran amintattun ne suka zaɓe shi kamar yadda suke zaɓen kowa, kuma ƙuri'arsa ɗaya ce.