John Howland: Baran da Teku Ta Ƙi Ci, Ya Zama Kakan Shugabannin Amurka

A cikin kakar shekarar 1620, jirgin ruwan Mayflower yana tsakiyar Tekun Atalantika guguwa ta taso masa, har matuƙa suka naɗe manyan ƙyallayen da iska ke tura jirgin da su, suka bar shi sai yadda igiyar ruwa ta yi da shi. Wani saurayi da zaman ƙasan jirgin ya isa ya hau sama don ya sha iska. Jirgin ya karkata, sai ga shi tsundum cikin teku. Allah ya sa hannunsa ya dace da wata igiya da ke ja a ruwa, ya riƙe ta gam duk da ya nutse can ƙasa, har matuƙa suka jawo shi, suka sa ƙugiya suka tsamo shi. William Bradford, wanda daga baya ya zama gwamna, yana cikin jirgin, shi ne kuma ya rubuta wannan labari a tarihinsa na garin Plymouth. Sunan saurayin John Howland.

Howland ba ɗan kowa ba ne. An haife shi a ƙarshen ƙarni na 16 a ƙauyen Fenstanton da ke gabashin Ingila, ya kuma shiga jirgin ne a matsayin baran John Carver, ɗaya daga cikin jagororin tafiyar. Fasinjoji 102 ne suka tashi daga Ingila a watan Satumba. Wasunsu Kiristoci ne da suka ɓalle daga cocin gwamnatin Ingila, suka yi zaman hijira a birnin Leiden na ƙasar Holan, wasu kuwa neman arziki ne kawai ya fito da su. Kuɗin tafiyar ma ba nasu ba ne. 'Yan kasuwar Landan ne suka zuba jari, bisa sharaɗin kowa zai yi aikin haɗin gwiwa na shekara bakwai kafin a raba riba. Bayan kwana 66 a kan ruwa suka hango gaɓar Cape Cod ta Amurka, a arewa da inda suka nufa. Kafin su sauka, maza 41 suka sa hannu a kan yarjejeniyar yadda za su mulki kansu, kuma duk da bara ne, sunan Howland yana ciki.

Wurin da suka zaɓa suka kafa Plymouth ba daji ba ne. Kufan wani gari ne na mutanen Wampanoag mai suna Patuxet, wanda annoba ta share tsakanin 1616 da 1619, annobar da ake danganta ta da zuwan jiragen Turawa. Baƙin sun tarar da gonaki a share, da rafi mai ruwan sha, babu mai cewa nasa ne. Amma hunturun farko ya yi musu ɓarna, domin sanyi da yunwa da cuta sun kashe kusan rabinsu. Cikin mamatan har da John Tilley da matarsa Joan, waɗanda suka bar 'yarsu Elizabeth marainiya tana da shekara 13. A watan Afrilun 1621 Carver, wanda shi ne gwamnan farko, ya dawo daga gona da ciwon kai, bayan 'yan kwanaki ya cika, matarsa ta bi shi ba da daɗewa ba, ba su bar ɗa ba.

Hausawa na cewa faɗuwar wani tashin wani. Mutuwar ubangidansa ta bar Howland mai cin gashin kansa a garin da hannu ya yi ƙaranci, ƙasa kuwa ta yi yawa. A Ingila da wuya mutum irinsa ya mallaki ko da fegi, amma a rabon filaye na 1623 aka rubuta eka huɗu da sunansa. A wannan tsakanin ne ya auri Elizabeth Tilley. Zuwa 1627, da aka raba shanun garin kashi 12, shi ne shugaban ɗaya daga cikin rukunonin. A shekarar kuma ya shiga cikin mutum takwas da suka ɗauki bashin fam 1,800 da 'yan kasuwar Landan ke bin garin, su kuma aka bar musu cinikin fatu su kaɗai na shekara shida.

Fatar da ake nema ita ce ta wata dabbar ruwa mai laushin gashi da ake kira biba, wadda ake yin huluna da gashinta a Turai. Mutanen Plymouth sukan kai masara da wasu duwatsun ado na ƙwanso ga 'yan asalin ƙasar, su karɓo fatu. Aka ɗora Howland a kan zangon ciniki da ke Kogin Kennebec, inda birnin Augusta na jihar Maine yake a yau. A nan ne a 1634 wani Bature mai suna John Hocking ya wuce zangon da jirginsa ya kafa a sama, don ya tare masu kawo fatu. Howland ya ce ya tashi, Hocking ya ƙi, sai Howland ya tura yaransa cikin kwalekwale su yanke igiyoyin da suka riƙe jirgin. Hocking ya auna ɗayansu, Moses Talbot, da bindiga. Howland ya ɗaga murya ya ce shi ya ba da umarni, in harbi ne shi ya kamata a harba. Hocking bai saurara ba, ya harbe Talbot a ka, nan take wani daga ɓangaren Plymouth ya rama. Mutanen da suka ƙetare teku don addini, ga shi cikin shekara 14 suna zub da jinin juna a kan fata.

Wannan bai rage wa Howland daraja ba. Ya riƙe muƙamin mataimakin gwamna, ya daɗe yana wakilci a majalisar yankin, ya sayi gona a Rocky Nook da ke garin Kingston na yanzu. 'Yan'uwansa biyu, Arthur da Henry, sun biyo shi, amma suka karkata ga ɗariƙar Kweka, hukuma ta riƙa cin su tara. Masu gudun tsangwama sun zama masu tsangwama, har a cikin dangi guda.

Babban arzikin Howland shi ne zuri'a. Elizabeth ta haifa masa 'ya'ya goma, mata shida maza huɗu, dukkansu suka girma suka yi aure, abin da ba kasafai ake samu ba a zamanin da mutuwar yara ta zama ruwan dare. Masu bin salsala sun ƙidaya jikoki 88. Daga wannan gida ne Shugaba Franklin Roosevelt ya fito, haka George Bush uba da ɗa, da Joseph Smith wanda ya kafa cocin Momon, da marubuci Ralph Waldo Emerson. Howland ya rasu a watan Fabrairun 1673, Elizabeth kuma a watan Disambar 1687, a gidan 'yarta Lydia da ke Swansea.

Sai dai kowane ɗa yana buƙatar gona, kowane jika ma haka, kuma wannan lissafi ne ya ƙure zaman lafiyar da Massasoit, sarkin Wampanoag, ya ƙulla da baƙin a 1621. Shekara biyu bayan rasuwar Howland, a watan Yunin 1675, yaƙi ya ɓarke a Swansea ɗin nan tsakanin Turawa da Metacom, ɗan Massasoit, wanda suke kira Sarki Philip. Jabez, ɗan Howland, yana cikin hafsoshin da suka yaƙe shi. A 1676 aka kashe Metacom, aka soke kansa a kan sanda a Plymouth, aka sayar da ɗansa da ɗimbin mutanensa bayi zuwa ƙetare.

Gidan Jabez yana nan tsaye a Plymouth, ƙungiyar zuri'ar Howland ce ke kula da shi, masu neman asalinsu suna ta kai ziyara. Su ma Wampanoag ba su ƙare ba, suna nan a Mashpee da Aquinnah. Tun 1970, ranar da Amurkawa ke bikin godiya na watan Nuwamba, 'yan asalin ƙasar sukan taru a kan tudun da ke kallon tashar Plymouth su yi zaman makoki. Duk wanda zai ƙidaya jikokin Howland, ya kamata ya tambayi wa ke noma ƙasar kafin su, domin salsalar ɓangare guda aka rubuta da kyau, ɗaya ɓangaren kuwa annoba da yaƙi da kasuwar bayi suka yayyaga.