Labulen Bayan Fage: Tarihin Kalmar "Backdrop"

Duk wanda ya taɓa shiga shagon mai hoto ranar sallah ya san labulen nan da ake tsayawa a gabansa, wani an zana masa bene da furanni, wani kuma jirgin sama. Da Turanci sunan wannan labule backdrop. Kalmomi biyu aka haɗa: back, wato baya, da drop, wato abin da ake sakowa daga sama. A gidan wasan kwaikwayo aka raɗa sunan, inda ake ɗaure ƙaton ƙyalle mai zane a jikin sanda, a sako shi da igiya a bayan 'yan wasa. In fitowa ta ƙare sai a janye shi sama, a sako wani.

To amma abin ya girmi sunan nesa ba kusa ba. A birnin Atina na ƙasar Girka, cikin ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai 'yar rumfa a bayan dandali inda 'yan wasa ke sauya kaya, ana ce mata skene. Daga ita aka samo kalmar scene, wadda 'yan fim ɗinmu suka mayar "sin". Aristotle ya ce marubuci Sophocles ne ya kawo yi wa wannan rumfa zane. A 1545 kuma wani maginin Italiya, Sebastiano Serlio, ya wallafa zanen fage iri uku: fadoji domin wasan baƙin ciki, gidajen 'yan gari domin na barkwanci, da daji domin na ƙauye. Ka ga ke nan tun kafin ɗan wasa ya buɗe baki, abin da ke bayansa ya riga ya gaya wa 'yan kallo ko dariya za su yi ko kuka.

Daga dandali labulen ya koma ɗakin hoto, kuma ba abin mamaki ba ne, domin Louis Daguerre, Bafaranshen da aka bayyana dabararsa ta ɗaukar hoto a 1839, shi kansa mai zanen labulen wasa ne a birnin Faris. A 1841 Antoine Claudet ya yi rajistar amfani da labule mai zane a ɗakin hotonsa na Landan. Da sana'ar ta iso Afirka ta Yamma, masu ita suka ba ta nasu salon. Seydou Keita, wanda ya buɗe shago a Bamako a 1948, da zanen shimfiɗar gadonsa ya fara. Shi kuwa Philip Kwame Apagya na Gana, labulensa ɗauke suke da firji cike da abinci, da talabijin, da matakalar jirgi, mutum ya tsaya a gaba kamar nasa ne. Mai hoton da wanda aka ɗauka duk sun san zane ne, abin da ake saye shi ne buri. Yau koren ƙyalle da kwamfuta sun karɓi aikin, har a 2020, lokacin kullen korona, mutane da yawa suka riƙa ɓoye ɗakunansu da hoton ofis yayin taro ta Zoom.

Ma'ana ta uku ita ce ta aro, kuma ita ta fi shafarmu. Bature kan kira dutse ko teku backdrop na gari, ya kira yaƙi backdrop na labarin soyayya. 'Yan jarida kuma sukan ce abu ya faru against the backdrop of wani abu, abin da masu fassarar labarai a rediyo kan mayar "wannan na zuwa ne a daidai lokacin da". A nan ake son mai karatu ya buɗe ido. In aka ce an yi zanga-zanga a daidai lokacin da abinci ya yi tsada, sai ka ga mayunwata. In aka ce an yi ta a daidai lokacin da zaɓe ya ƙarato, sai ka ga 'yan siyasa. Zanga-zangar ɗaya ce, marubucin bai yi ƙarya ba, bai kuma ce wannan ne ya jawo wancan ba, amma ya rataya labulen da ya ga dama, ya bar maka yanke hukunci.

Saboda haka, mai karatu, duk sanda ka ci karo da irin wannan jimla, tambayi kanka wa ya zaɓi labulen, kuma wanne ya naɗe ya ajiye. Marubutanmu na ƙagaggun labarai su ma tambayar ta hau kansu. Littafin da kowace fitowa a cikinsa falo ne mai sanyi da jerin motoci ya riga ya faɗi wanda ya cancanci a ba da labarinsa, ko da marubucin bai yi nufin haka ba.